Mabuɗin Saƙo a Hannun Wa? Daga Jirgin Abbas zuwa WhatsApp

 Wannan ita ce hirar da muka yi a shirinmu na daren Laraba. Na rubuto ta daga nan Alsawra ta Umdurman, na kuma ƙara abubuwan da lokaci bai bari na faɗa a iska ba.

Tun ranar Juma'a 25 ga Yuli 2025 tambaya ɗaya ke ta zuwa mana. A ranar ce hukumar kula da sadarwa ta Sudan ta toshe kiran murya da na bidiyo na WhatsApp, ta ce matakin kariya ne saboda tsaron ƙasa. Saƙo yana tafiya, kira ba ya shiga. Wani dattijo mai fataucin raƙuma ya tare ni ya ce, "Ɗana, me kiran WhatsApp ya yi musu wanda kiran layi bai yi ba?" Na ce, Baba, bambancin da na sani shi ne, kiran layi ana iya saurarensa daga ofishin kamfani, na WhatsApp kuwa a kulle yake. Sai dai saƙon ma a kulle yake, kuma shi ba a taɓa shi ba, kiran da ke rage wa kamfanoni cinikin kati shi aka rufe. Wannan kam na bar muku ku auna.

Mece ce kullewar? Duk wanda ya yi zaurance yana yaro ya san tushenta, haka yaran Hartum masu randok. Ka juya magana yadda wanda bai san dabarar ba zai ji surutu kawai. Larabawa suna cewa tashfir. A waya lissafi ne ke yin juyin. Wayarka ta dagula saƙon kafin ya fita, ya bi ta turken sabis (ko rezo, ko shabaka, kowa da yadda ake faɗa a garinsu), ya ratsa kwamfutocin kamfani a dagule, sai wayar wanda ka aika wa ce kaɗai ke da mabuɗin warware shi. Shi kansa kamfanin WhatsApp ba ya riƙe da mabuɗin. Rigimar da ake yi a duniya yau ita ce, hukumomin tsaro suna so a ƙera mabuɗi na biyu a ajiye musu. To rigimar nan ta girmi wayar hannu, kuma garin nan namu ya ga farkonta da idonsa.

A watan Maris 1884 mayaƙan Mahadi suka yanke wayar tangarahu da ta haɗa Hartum da Masar, suka kewaye Janar Gordon a cikin gari. Turawa a lokacin suna aika saƙonninsu na sirri da lambobi, kowane ɓangare yana da littafin warwarewa. Da Gordon ya ga garin na iya faɗuwa, a watan Satumba sai ya ɗora mataimakinsa Kanar Stewart a wani jirgin ruwa mai hayaƙi da ake kira Abbas, ya haɗa shi da takardu da littattafan warware lambobin, don kada su faɗa hannun abokan gaba. Jirgin ya daki dutse a ƙasar Manasir, aka kashe Stewart da abokan tafiyarsa, takardun suka tafi kai tsaye wurin Mahadi. A watan Oktoba Mahadi ya rubuta wa Gordon wasiƙa yana lissafa masa abin da ya samu a ciki, har da bayanin abinci da makaman da suka rage a garin. Abin dariya abin tausayi, daga baya saƙonni suka riƙa iso wa Gordon daga nasa mutanen a cikin lambobi, ya kasa karantawa, don mabuɗin ya tafi da jirgin. Hartum ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885. Ku riƙe labarin jirgin nan, za mu dawo kansa.

Kakanninmu ma suna cikin wannan tarihi. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadi daga ƙasar Adamawa, masu tafiya Makka a ƙasa su ne gidan wayarsu. Bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, wanda aka yi a filin da ke arewa da inda nake zaune yanzu, da kuma yaƙin Burmi na 1903 da ya sa Mai Wurno ya taso da jama'arsa zuwa bakin Shuɗin Nilu, Turawan Ingila sun zama masu mulki a Hartum da Kano gaba ɗaya. Babu abin da ke hana su barci kamar takardar da ke cikin jakar alhaji. A 1923 suka kama Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa bisa zargin shirya tawaye da hulɗa da gidan Mahadi na Umdurman, suka kai shi Buea ta Kamaru ya yi shekaru fiye da ashirin. Shekara guda bayan kamun, a 1924, ƙungiyar Farar Tuta ta Ali Abdullaɗif ta girgiza Turawa a nan Sudan, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanta ma'aikatan gidan waya da tangarahu ne. Su ne ke zaune a kan igiyar da sirrin gwamnati ke bi.

Daga nan zan yi tsalle. Mulkin Numairi ya yi nasa 'yan leƙen asirin, aka rushe hukumar bayan boren Afrilu 1985. Mulkin Umar al-Bashir da ya zo ranar 30 ga Yuni 1989 ya gina wadda ta fi ta, da gidajen azabtarwa da mutane suka raɗa wa suna gidajen fatalwa. Tsarin mulkin 2005, a sashe na 37, ya ce ba a shiga sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa sai bisa doka. Sai dokar tsaron ƙasa ta 2010 ta ba jami'an tsaro ikon bincike da ƙwace kaya da tsare mutum watanni ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Abin da aka bayar da dama aka karɓe da hagu.

A can Amurka kuwa, a shekarun 1990 gwamnati tana lissafa dabarar kulle saƙo mai ƙarfi a cikin kayan yaƙi, fitar da ita waje laifi ne. Wani mutum mai suna Phil Zimmermann ya rubuta wata manhaja, PGP, a 1991, ya sake ta kyauta, aka yi shekara uku ana bincikensa kafin a bar maganar a 1996. A 1993 gwamnatin Clinton ta fito da wata 'yar na'ura, Clipper, da za a riƙa sakawa a wayoyi, mai kulle magana amma gwamnati na ajiye mabuɗi na biyu. A 1994 wani masani, Matt Blaze, ya nuna ɓarakar da ke jikinta, jama'a suka ƙi saye, shirin ya mutu. A shekarar 2000 Amurka ta sassauta dokar fitar da kullin, amma ta ware ƙasashe bakwai ta ce ban da su. Sudan na ciki.

Nan ne abin ke ba ni haushi, wallahi. Saboda takunkumin da aka ƙaƙaba tun 1997, talakan Sudan bai da ikon sauke manhajoji da yawa na kare waya, sai a watan Fabrairu 2015 aka halatta aiko da kayan sadarwa na jama'a. Amma hukumar tsaron Bashir ba ta rasa mai sayar mata ba. A watan Yuli 2015 wasu suka fasa kwamfutocin wani kamfanin Italiya da ke Milan, Hacking Team, suka watsa takardunsa a intanet. A ciki aka ga kamfanin ya karɓi yuro 960,000 daga hukumar tsaron Sudan a 2012. Tun a Fabrairu 2014 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun sa Sudan a jerin ƙasashe 21 da suke zargin suna amfani da kayan kamfanin, kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya yi ta aika masa tambaya. Abin da suka saya ba ya fasa kulli. Kamar kaska yake, ya maƙale a jikin wayar ko kwamfutar, ya karanta saƙo tun kafin a kulle shi, ya kunna makirfo yana saurare. Mai garke an hana shi sanda, kura an sayar mata da haƙori.

A watan Afrilu 2016 WhatsApp ya kulle saƙonnin duk masu amfani da shi, mutum fiye da biliyan ɗaya a lokacin, ba tare da kowa ya danna komai ba. Makiyayin da bai taɓa jin kalmar tashfir ba ya wayi gari da kullin da a da sai manyan gwamnatoci. A shekarar ce kuma hukumar FBI ta kai kamfanin Apple kotu a kan ya buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan San Bernardino da suka kashe mutum 14. Apple ya ƙi, FBI ta biya wasu suka buɗe mata. A nan gida, a Nuwamba da Disamba na shekarar, da WhatsApp da Facebook aka shirya zaman gida na ƙin fita aiki.

Sauran kun san shi, wasunku da ku aka yi. Burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, Atbara ta tashi ranar 19 ga Disamba 2018. Kwana biyu bayan haka aka toshe Facebook da Twitter da WhatsApp, toshewar ta kai kwana 68, har ƙarshen Fabrairu. A lokacin ne tsofaffin Alsawra suka koyi kalmar VPN, gwaggona tana kiransa "ɗan zagaye". Bashir ya tsaya a Kassala a ƙarshen Janairu 2019 ya ce ba a canza gwamnati da WhatsApp ko Facebook. Ranar 11 ga Afrilu aka sauke shi. Ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa zaman dirshan na gaban hedikwatar soja, aka kashe mutane da yawa, aka yanke intanet ɗin wayoyi ɗungurungum. Wani lauya, Abdul'azim Hasan, ya kai kamfanin Zain kotu ya yi nasara ranar 23 ga Yuni, sai aka buɗe layinsa shi kaɗai a duk faɗin ƙasar, don shi ne ya shigar da ƙara. Bai haƙura ba ya koma, ranar 9 ga Yuli aka buɗe wa kowa. A tsakanin nan, ranar 30 ga Yuni, aka yi gagarumar zanga-zanga ba intanet. Ina cikin yaran da suka bi gida gida a haranmu da takarda a cikin safa, kamar dai alhazan zamanin Hayatu.

Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya da aka sa wa hannu ranar 17 ga Agusta 2019 ta rubuta cewa shiga intanet haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A Yuli 2020 aka cire wa hukumar tsaro ikon kama mutane. Ranar 25 ga Oktoba 2021 soja suka karɓe mulki, aka sake yanke intanet har 18 ga Nuwamba, duk da kotu ta ce a buɗe. Kafin ƙarshen Disamba an mayar wa hukumar tsaro ikonta.

Yanzu bari mu ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, don ba na son a ce ɗan rediyo ya yi shari'a da kunne ɗaya. Ɗan sanda mai gaskiya yana da hujja. Zai ce maka, in alƙali ya ba ni takardar izini ina shiga gida in bincika har ƙarƙashin gado, don me waya za ta zama ɗakin da ko alƙali bai isa ya buɗe ba? Kuma ku kuka fi kowa sanin zafin abin. Ɓarayin shanu da waya suke haɗa kai. Mai garkuwa da mutane da waya yake cinikin fansa, a yaƙin nan ma an sha karɓar kuɗin ta Bankak. A Yuli da Oktoba 2022 an kashe ɗaruruwan mutane a jihar Shuɗin Nilu, da yawansu Hausawa ne 'yan uwanmu, kuma maganganun ƙiyayya da aka yi ta yaɗawa a wayoyi sun ƙara wa wutar fetur. Uwar da aka ɗauke ɗanta ba ruwanta da sirri, so take a ji abin da ɓarayin ke cewa. Ni ban isa in ce mata ta yi kuskure ba.

Matsalar ita ce mabuɗi bai san hannun mai gaskiya ba. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu da har yau kotu ba ta hukunta su ba suka shiga na'urorin kamfanin Vodafone, suka kunna ɓangaren da aka gina don sauraron masu laifi bisa izinin kotu, suka yi watanni suna sauraren wayoyi fiye da 100, har da ta firayim minista. A 2024 Amurka ta ce masu kutse daga Sin sun shiga manyan kamfanonin wayarta, har da tsarin da 'yan sanda ke bi in kotu ta ba su izinin saurare, sai ga jami'an Amurka da kansu suna ba jama'a shawarar su koma manhajoji masu kulli.

Amma me ya kai mu Girka? Dakarun kai ɗaukin gaggawa, Da'am Sari, a da rundunar gwamnati ce, majalisa ta yi mata doka a 2017. A ƙarshen Nuwamba 2022 jaridar Haaretz da ƙungiyar 'yan jarida ta Lighthouse Reports suka ruwaito cewa a watan Mayu na shekarar wani ƙaramin jirgi mai alaƙa da kamfanin Intellexa ya sauka Hartum da kayan leƙen waya domin rundunar. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakaninta da soja, cikin 'yan kwanaki yawancin Hartum, da ma'aikatu da gine-ginen kamfanonin sadarwa, ya koma yankin da take riƙe da shi. A farkon Fabrairu 2024 Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya. Gwamnati ta ɗora wa rundunar alhaki, ita kuma tana zargin soja da yanke Darfur tun farko. To a ce tun 2016 an tilasta wa WhatsApp ya ajiye mabuɗi na biyu a wani ofishi a tsakiyar Hartum, bisa doka, da hatimin alƙali. Ranar 16 ga Afrilu 2023 yana hannun wa? Gordon ma don tsaro ya sa nasa a jirgi. Matasan ɗakunan agajin gaggawa da ke dafa abinci a takiyyoyi, waɗanda kowane ɓangare ya yi ta zarginsu da yi wa ɗayan aiki, da WhatsApp suke haɗa kuɗin wake da gawayi. Wannan kullin shi ne ɗan abin da ya rage tsakaninsu da masu bindiga.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa kulli ya makantar da hukuma. Makiyayi ba ya buƙatar jin abin da ɓarawo ya faɗa kafin ya bi shi, sawu yake bi. Waya tana barin sawu: wane layi ya kira wane, ƙarfe nawa, daga wane turke, da sunan wa aka yi rajistar layin. Asusun Bankak da aka zuba kuɗin fansa yana da mai shi, da hotonsa a banki. Yawancin maganganun ƙiyayyar 2022 a fili aka yi su, a shafukan da kowa ke gani. Abin da aka rasa mai bin sawun ne. 'Yan uwanmu na yamma sun ga irin haka. A Najeriya an haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa tun daga Disamba 2020, a kasafin cike giɓi na 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri kusan naira biliyan 4.8 don sa ido a kan WhatsApp da wayar Thuraya, a Satumba 2021 kuma aka rufe sabis a duk jihar Zamfara. Garkuwa da mutane ba ta ƙare ba, amma fatake sun ji a jikinsu. Nijar ta yi dokar sauraron saƙonni a 2020. Chadi ta toshe kafofin sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. A ra'ayina, a ba alƙali iko a kan sawu da asusu da wayar wanda aka kama da hujja, a rubuce, da iyakar lokaci. Mabuɗin wayoyin kowa da kowa kuwa, ban ga ofishin da zan amince a ajiye shi ba, a nan ko a wata ƙasa.

Kada kuma ku ɗauka kulli laya ce. A bara, a hanyarmu ta fita gari, masu bindiga suka tsayar da motarmu a wani shinge, aka ce kowa ya buɗe wayarsa da hannunsa. Suka shiga hotuna, suka kunna saƙonnin murya, suka duba kuɗin asusu. Wani saurayi da ya goge komai kafin ya taso shi aka fi daɗewa a kansa, wai me ya ɓoye. Duk lissafin masanan duniya bai hana ni miƙa tawa ba. Haka nan zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, sirrinsa bai wuce bakin mafi surutun cikinsu ba. Saƙon tes da kiran layi ba su da wannan kullin. Hirar Telegram ta yau da kullum ma ba ta da shi, sai ka zaɓi hirar sirri. A shagon Starlink mai shagon ba ya iya karanta saƙonka ta na'urarsa, amma na bayanka yana ganin yatsanka sa'ad da kake buga lambar Bankak. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa su, ko ya ce daga kamfani yake, layinka yake son ɗaukewa.

Kawuna dillalin tumaki ne, shekararsa kusan saba'in, ba ya karatun boko, idonsa kuma ya yi rauni. Kiran WhatsApp ne kasuwarsa, da shi yake magana da ɗansa a Gadarif da abokin cinikinsa a Abeche. Tun da aka toshe ya koma kiran layi in abin na gaggawa ne. Ran nan na same shi a ƙofar gida yana ta ɗaga murya a waya, yana cewa a gaya wa Hajiya baƙinta goma sha biyu za su taso bayan sallar asuba, a tanadar musu tabarma, biyu daga ciki ba su da lafiya. Da ya kashe na ce, Kawu, waɗanne baƙi kuma, gidan da ko mu bai ishe mu ba? Ya harare ni ya ce, "Kai da ka yi makarantar jarida. Raguna ne, Hajiya kuma direba ne."